Sayar da Gidan Haya a Amurka a Sayi Wani: Matakan Jinkirta Harajin Riba

'Yan uwa mazauna Amurka da Allah ya hore wa gidan haya suna ta maimaita tambaya ɗaya: idan na sayar da gidan na zuba kuɗin gaba ɗaya a wani gida, har yanzu sai na biya harajin riba? Sai ka biya, in dai ba ka bi hanyar musayar gida da gida da Sashe na 1031 na dokar harajin Amurka ya shimfiɗa ba. Sayen sabon gida kawai ba ya kare kowa daga IRS, hukumar harajin Amurka. Abin da ke kare mutum shi ne bin matakan a jere, kuma mafi nauyinsu ana gama su ne tun kuɗin ciniki bai motsa ba. A sani kuma, wannan hanya jinkirta haraji take yi, ba ta share shi.

1. Fara da lissafin abin da za a karɓa a hannunka

Kafin ka kira dillali, zauna da takardun harajinka na duk shekarun da gidan ya yi yana haya. Riba a wurin IRS ba ita ce bambancin farashin saye da na sayarwa ba. Ana fara fitar da uwar kuɗi: abin da ka sayi gidan, da wasu kuɗaɗen kammala ciniki, da manyan gyare-gyare kamar sabon rufi ko ƙarin ɗaki. Daga nan sai a cire rangwamen tsufan gini da ka riƙa samu kowace shekara. Gidan zama da ake hayarsa ana raba darajar gininsa ne a kan shekara 27 da rabi. Filin da gidan yake kai ba ya tsufa, don haka ba ya shiga wannan rabo.

Ga misali da za mu riƙe har ƙarshe. Ka sayi gida dala 260,000, fili 40,000, gini 220,000. Rangwamen tsufa ya kama dala 8,000 a shekara, shekara 10 ke nan 80,000. Uwar kuɗinka ta sauko zuwa 180,000. Ka sayar dala 420,000, la'adar dillali da sauran ɗawainiya suka ci 25,000, saura 395,000. Ribarka 215,000 ce.

Ribar nan kashi biyu ake yi mata. Dala 80,000 na rangwamen tsufa ana karɓar harajinsu har zuwa kashi 25 cikin 100, wato abin da zai iya kai 20,000. Ragowar 135,000 kuma ana caje su sifili, ko kashi 15, ko kashi 20, gwargwadon abin da kake samu a shekara, kuma yawancin ma'aikata a kashi 15 suke faɗawa, wato 20,250. Idan jimillar shigarka ta shekarar, har da ribar gidan, ta haura dala 200,000 ga mai shigar da takarda shi kaɗai, ko 250,000 ga ma'aurata masu shigarwa tare, akwai ƙarin kashi 3.8. Sai na jiha: Teksas da Filorida ba sa karɓar harajin shiga daga ɗaiɗaikun mutane, Kalifoniya kuwa tana ɗaukar ribar kamar albashi.

Gargaɗi: wasu sukan ce ai su ba su taɓa neman rangwamen tsufa ba, don haka babu abin da za a ƙwace. Doka tana lissafa rangwamen da ya kamata ka samu ko ba ka nema ba. Wanda ya yi shekaru bai nema ba ya sa akanta ya gyara masa da Fom 3115, in ba haka ba zai biya harajin amfanin da bai ci ba.

Idan ka zauna a gidan da kanka na shekara 2 cikin shekara 5 da suka gabaci sayarwa, tsaya tukuna. Sashe na 121 yana yafe riba har dala 250,000 ga mutum ɗaya, 500,000 ga ma'aurata, ban da ɓangaren rangwamen tsufa. Wannan yafiya ce ta gaske, kuma sau da yawa ta fi musaya sauƙi da riba.

2. Tabbatar gidajen biyu sun cancanta

Sharaɗin shi ne duka biyun su zama kadarar ƙasa da aka riƙe don haya, kasuwanci ko ajiyar jari. Ba dole su yi kama da juna ba. Gidan haya ɗaya yana musanyuwa da bene mai gidaje huɗu, ko shago, ko gona, ko fili da ba a gina ba. Gidan da kake zaune ciki ba ya shiga. Gidan da aka saya don a gyara a sayar nan take shi ma ba ya shiga, domin haja ce. Tun daga 2018 kadarar ƙasa kaɗai aka bari a wannan sashe, saboda haka kujeru, gadaje da sauran kayan ɗaki da aka haɗa a ciniki lissafinsu daban ne.

Gargaɗi, kuma wannan ya fi shafar mu: gidan da ke Amurka ba ya musanyuwa da gidan da ke wata ƙasa. Wanda ya sayar da gidan haya a Amurka ya sayi wani a Kano, Abuja ko Yamai zai biya haraji cikakke, komai kyawun niyyarsa ta komawa gida. Na waje da na waje kuwa suna musanyuwa. Ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin, wanda Amurka ke bin sa haraji a kan abin da ya samu ko'ina a duniya, zai iya musanya gidan haya na Kaduna da na Abuja a lissafin IRS. Harajin da Najeriya za ta nema a kan cinikin kuma nata ne, wannan bai taɓa shi ba.

Sunan da ke kan takardar mallakar tsohon gida shi zai hau ta sabon. Idan da sunanka kaɗai ka sayar, kada ka saka matarka ko ƙaninka a sabuwar takarda ba tare da shawarar akanta ba. Kamfanin LLC, wato mai iyakantaccen alhaki, da kai kaɗai ka mallaka, wanda ba ya shigar da takardar haraji tasa daban, ana ɗaukar sa kamar kai ne.

3. Ɗauki ɗan tsakani kafin a rufe ciniki

Nan ne aka fi yin asara. Doka ba ta yarda kuɗin ciniki su shiga hannunka ba, ko asusunka, ko asusun lauyanka, ko da na wuni ɗaya ne. Wani kamfani na musamman, wato ɗan tsakani, shi ne zai karɓa ya ajiye, sannan ya biya wanda zai sayar maka da sabon gida. Yarjejeniya tsakaninka da shi dole a sa mata hannu kafin a miƙa takardar mallakar tsohon gida. Da zarar an rufe ciniki an rubuta ceki da sunanka, magana ta ƙare, babu akantan da zai iya mai da hannun agogo baya.

Ba kowa ne zai zama ɗan tsakani ba. Danginka na kusa ba za su yi ba. Haka ma wanda ya yi maka aiki a matsayin lauya, akanta, dillalin gidaje ko ma'aikaci cikin shekara 2 da suka wuce. Kuɗin aikin musaya mai sauƙi, gida ɗaya da gida ɗaya, yakan kama daga kusan dala 800 zuwa 1,500, da ɗan ƙari kan kowane gida da aka ƙara.

Kada arha ta ja ka. Gwamnatin tarayya ba ta ba wa waɗannan kamfanoni lasisi, kuma a 2008 reshen musaya na kamfanin LandAmerica ya durƙushe da kuɗin ɗaruruwan mutane a hannunsa. Ka tambayi wanda za ka ɗauka a wane banki zai ajiye kuɗin, ko asusun naka ne daban ko an gwamutsa da na wasu, ko ana buƙatar sa hannunka kafin a fitar da ko sisi, da kuma girman inshorar da ya yanka ta cin amana da ta kuskuren aiki. Ka nemi amsa a rubuce. Inshorar gwamnati a kan ajiyar banki iyakarta dala 250,000 ga mai ajiya ɗaya a banki ɗaya, kuɗin misalinmu kuwa sun wuce haka, don haka ka tambayi yadda za a raba su.

4. Ranar rufe ciniki

A sa jumla a takardar ciniki cewa mai sayarwa yana nufin musayar Sashe na 1031, kuma mai saye ya yarda a miƙa wa ɗan tsakani haƙƙin yarjejeniyar. Wannan ba ya cin mai saye komai. Kamfanin da ke kammala cinikin zai biya bashin da ke kan gidan, ya cire la'ada, ya tura ragowar kai tsaye ga ɗan tsakani.

Gargaɗi: kuɗin ajiyar 'yan haya da kuɗin hayar da ka riga ka karɓa na kwanakin da suka rage a wata haƙƙin sabon mai gida ne. Idan aka cire su daga kuɗin ciniki, ana iya ɗaukar su kamar kuɗin da ka zara ka yi amfani da su. Ka biya su daga aljihunka. Haka nan kada a biya bashin katin banki ko na mota daga kuɗin cinikin.

A duk lokacin da za a tura kuɗi, ka kira ɗan tsakani a lambar da ka riga ka sani, ka tabbatar da lambar asusu da baki. 'Yan damfara suna aika saƙon imel mai kama da na gaske da wata lambar asusu.

5. Kwana 45 na zaɓen sabon gida

Ƙirga yana farawa washegarin ranar da aka miƙa tsohon gida. Kwanakin kalanda ne, Asabar da Lahadi da ranakun hutu duk suna ciki, kuma ko ranar ƙarshe ta faɗa a Lahadi ba a ƙara ko awa ɗaya. Idan an rufe ciniki ranar 1 ga Maris, kwana na 45 shi ne 15 ga Afrilu. Ba a ɗaga wa'adin sai idan IRS ta sanar da sassauci saboda wani bala'i da ya auka wa yankin.

Zaɓen a rubuce ake yin sa, da sa hannunka, da cikakken adireshin kowane gida, a miƙa wa ɗan tsakani kafin tsakar daren ranar ƙarshe. Faɗa wa dillalinka ko lauyanka ba ya wadatarwa. Idan ɗaki ne a cikin bene, sai da lambar ɗakin.

Dokar adadi uku ce, ka bi ɗaya. Za ka iya ambaton gida uku komai tsadarsu. Za ka iya ambaton fiye da uku idan jimillar darajarsu ba ta ninka farashin gidan da ka sayar fiye da sau biyu ba, a misalinmu dala 840,000. Idan ka wuce waɗannan biyun, sai ka sayi kashi 95 cikin 100 na darajar duk abin da ka ambata, abin da kusan ba ya yiwuwa. Yawancin mutane ta farko suke bi, kuma ita ce shawararmu.

Ka cika gurbin ukun. Wanda ya rubuta gida ɗaya tak, sannan mai duba lafiyar gini ya gano tsagewa a harsashi a kwana na 50, ba shi da inda zai koma. Kafin kwana 45 su cika kana iya soke jerin ka sake wani a rubuce, bayan nan kuwa ya daskare. Gaskiyar magana, kwana 45 ba su isa neman gida daga farko ba. Ka fara zagaye tun ranar da ka sa naka a kasuwa, kuma in da hali ka ja ranar rufe cinikin tsohon har sai ka ƙulla magana a kan sabon. Mun fi tausaya wa mai sayen gida mara kyau don gudun haraji fiye da mai biyan harajin. Gidan da aka biya fiye da darajarsa da dala 40,000 ya riga ya cinye abin da aka jinkirta.

6. Nawa za ka saya, nawa za ka zuba

Domin jinkirta harajin duka, sabon gida ya kai darajar abin da ya rage bayan ɗawainiyar sayarwa, kuma duk kuɗin da ke hannun ɗan tsakani su shiga cikinsa. A ce akwai bashin dala 120,000 a kan tsohon gida. Bayan an biya, ɗan tsakani yana riƙe da 275,000. Dole ka sayi gidan da ya kai 395,000 ko fiye, ka zuba 275,000 ɗin duka, ka cike 120,000 da sabon bashi ko da kuɗinka na gefe.

Mutane da yawa suna zaton ribar kaɗai za su mayar, ko kuma tsabar da ta rage bayan biyan bashi. Idan ka sayi gidan 275,000 da tsabar nan babu bashi, IRS za ta ce an sauke maka nauyin 120,000, ta karɓi haraji a kansu. Idan ka sayi na 350,000, giɓin 45,000 za a caza. Musayar ba ta ɓaci ba, wani yanki ne kawai ya fita daga cikinta, kuma galibi yankin nan a ɓangaren kashi 25 ake fara lissafa shi.

Ga wanda ke son rabuwa da bashi mai ruwa, doka ba ta ce sai an ci sabon bashi ba. Kuɗin aljihu yana maye gurbin bashin da aka biya. Akasin haka ne ba ya aiki: ba za ka zari tsaba dala 30,000 ka ce ai ka ƙara bashi da 30,000 ba, tsabar da ka karɓa sai ta biya haraji. Idan kuma da tsarin kuɗi na Musulunci za ka saya, irin na haɗin gwiwa ko ijara, ka kai wa ɗan tsakani da akanta takardun tun da wuri, domin sunan da zai hau takardar mallaka yana iya bambanta da na bashin banki da aka saba.

7. Kwana 180 na kammala saye

Kwana 45 ɗin suna cikin 180 ɗin, ba ƙari ba ne. A misalin 1 ga Maris, ranar ƙarshe ita ce 28 ga Agusta. Sai an miƙa maka takardar mallaka kafin ranar ta wuce, sa hannu a yarjejeniya bai isa ba. Ka sanar da bankin da zai ba ka bashi tun farko cewa musaya kake yi, kuma ka sa ranar rufewa da tazarar sati biyu ko uku, domin ƙiyasin daraja da binciken banki sun saba jan ƙafa.

Gargaɗi: wa'adin shi ne kwana 180 ko ranar shigar da takardar harajin shekarar, duk wanda ya riga zuwa. Wanda ya sayar bayan tsakiyar Oktoba, 15 ga Afrilu za ta yanke masa kwanaki. Maganinsa Fom 4868 na neman ƙarin lokaci, kuma kada ka shigar da takardar harajin sai ka kammala saye.

Gyaran da za ka yi bayan gidan ya zama naka ba ya shiga musaya. Idan kana son kuɗin musaya su yi gyara, ko kuma ka samu sabon gida kafin ka sayar da tsohon, akwai tsarin da wani kamfani zai riƙe maka takardar mallaka na wucin gadi har kwana 180. Yana cin dala dubbai, bankuna da yawa ba sa son sa, kuma shi ma sai an tsara shi kafin saye.

Musaya da ɗan uwa na kusa, kamar iyaye, 'ya'ya, 'yan uwan haihuwa ko mata, tana da sharaɗin kowa ya riƙe nasa shekara 2. Sayen sabon gidan daga hannun ɗan uwa da zai karɓi tsaba ya tafi kuwa, yawanci IRS ba ta amincewa da shi.

8. Idan musayar ta rushe

Ɗan tsakani ba zai mayar maka da kuɗi ranar da ka ga dama ba. Idan ba ka zaɓi komai ba, sai bayan kwana 45. Idan ka zaɓa ba ka saya ba, yawanci sai bayan 180. Harajin zai hau kanka kamar sayarwa ta yau da kullum, kuma ka biya ƙiyasinsa da Fom 1040-ES a zangon da ya dace don gudun tara. Idan ka sayar a ƙarshen shekara da niyyar musaya ta gaskiya, kuɗin suka dawo a shekara mai zuwa, akanta zai iya kai mafi yawan ribar zuwa shekarar da ka karɓa.

9. Takardun haraji

Ana bayyana musaya a Fom 8824 tare da takardar harajin shekarar da aka sayar da tsohon gida, ko da a shekara ta gaba aka sayi sabon. Yankin da ya zama abin haraji yana bi ta Fom 4797. Uwar kuɗin sabon gida ita ce farashinsa a cire ribar da aka jinkirta. Ka sayi na dala 500,000, uwar kuɗinsa 285,000 ce, don haka rangwamen tsufan da za ka riƙa samu bai kai na wanda ya sayi irin gidan da sabon kuɗi ba. Asarar haya da doka ta hana ka cirewa daga lissafin haraji a shekarun baya ba ta sakuwa a musaya kamar yadda take sakuwa a sayarwa, tana bin ka gaba.

Wanda ya sayar a Kalifoniya ya saya a wata jiha zai riƙa shigar da Fom 3840 kowace shekara, domin jihar tana jiran rabonta ranar da ya sayar. Ka adana takardun tsohon gida muddin kana riƙe da sabon, daga cikinsu za a fitar da lissafi ko bayan shekara 20.

10. Riƙe sabon gida, da batun komawa cikinsa

Ka sa shi haya da gaske. Ma'aunin da IRS ta bayar a 2008 shi ne ka riƙe gidan wata 24, a kowace shekara a yi hayarsa a farashin kasuwa aƙalla kwana 14, zamanka a ciki kuma kada ya wuce kwana 14 ko kashi 10 cikin 100 na kwanakin da aka yi haya, duk wanda ya fi yawa. Ba wa ɗanka ko baƙon da ya zo daga gida ya zauna kyauta ana lissafa shi a zamanka ne. Bayan shekara biyun za ka iya tarewa a ciki, amma yafiyar Sashe na 121 ba za ta samu ba sai ka mallaki gidan shekara 5, kuma shekarun da ya yi yana haya za su rage yawanta. Idan mai gida ya rasu yana riƙe da shi, magada suna karɓar sa a darajar ranar rasuwa, ribar da aka jinkirta ba ta bin su.

11. Ga wanda ba mazaunin Amurka ba

Mutumin da ke zaune a Najeriya, Nijar ko Gana, ba ɗan Amurka ba kuma ba shi da takardar zama, idan ya sayar da gidansa na can dokar FIRPTA ta wajabta wa mai saye ya riƙe kashi 15 cikin 100 na farashin gaba ɗaya, ba na riba ba, ya tura wa IRS. A gidan dala 420,000, 63,000 ke nan da ba za su isa hannun ɗan tsakani ba, sai dai mai gidan ya cike su daga aljihunsa. Ana neman a rage ko a ɗage wannan riƙo da Fom 8288-B, kuma a shigar da shi kafin ranar rufe ciniki ko a ranar. IRS takan ɗauki kimanin kwana 90 kafin ta amsa, kuma sai da lambar haraji ta ITIN, don haka a fara neman lambar tun kafin a sa gidan a kasuwa.